Rawanin Ɗan Takobi

Ranar Asabar da ta wuce na faɗa a rediyo, da bakina, cewa bai kamata a bar ƙananan yara su kalli wasan "Alhaji Ba-Canji" su kaɗai ba. Mutumin da ya fi kowa ba da dariya a wasan mahaifina ne. Tun ranar bai amsa gaisuwata ba. Ya kuma aiko Inna ta gaya mini cewa in ban janye maganar ba, kada mutanen Gougaram su sake tako ƙofar gidansa da zancen aurena.

Ban janye ba. Ga yadda aka yi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Saratu Kalilu. A nan Arlit aka haife ni, na koyi aikin jarida a Yamai, na dawo gida ina aiki a wata ƙaramar rediyo da ke bayan kasuwa. Da can labarai nake karantawa. Da aka koma harbe-harbe tsakanin sojoji da 'yan tawaye a duwatsun Abzin bara, daraktanmu ya tara mu ya ce duk wanda ya ambaci dutse a iska, ko da dutsen niƙa ne, ya nemi wani aikin. Sai ya ɗauke ni daga labarai ya ba ni shirin iyaye na yammacin Asabar: abin da yara ke ci, abin da suke karantawa a lakwal, wato makaranta, abin da suke kallo a tele. A ganinsa nan ne ba a taka nakiya.

Duk wanda ya haura shekara talatin a ƙasar nan ya san "Alhaji Ba-Canji". Wasu samarin Damagaram ne suka yi shi tun kafin a haife ni. Alhaji mai kanti ne wanda bai taɓa samun canji ba, sai ya cika wa mutum da alawa. Yana da mai gadi, Ɗan Takobi, Buzu mai takobi har ƙasa wanda ɓera ke sa shi hawa tebur. Kowane kashi iri ɗaya yake ƙarewa. Yaron kantin Alhaji ya lallaɓo ta baya ya ja jelar rawaninsa, shi kuma ya yi ta juyawa kamar katantanwa har rawanin ya ƙare, fuskarsa ta fito fili, ya toshe baki da hannu ya yi ihu: "Iska ta ɗauka!"

Baba ne Ɗan Takobi. Bahaushe ne ɗan Damagaram, rawanin aro ne. Daga baya ya zo Arlit ya yi shekaru yana aikin lantarki a ma'adini har ya ajiye, amma babu wanda ke kiransa Malam Kalilu sai a takarda. A masallaci Ɗan Takobi ne, a wurin mahauta Ɗan Takobi ne, har da gyara. Bana da sababbin kamfanonin yuraniyom suka shigo, aiki ya samu, gida-gida aka sayi tele, sai ga wasan ya dawo a faifan sede, ana sayarwa a tire tare da batir da asuwaki. Baba ya sayi nasa. Jikokinsa suka haddace shi kamar karatun allo.

Ni ma da shi na girma, kada ku ce ina wanke kaina. Na yi dariyarsa har cikina ya ƙulle.

Sai Ghissa. Direba ne, shi ke tuƙa ɗaya daga cikin manyan motocin da ke kai ma'aikata ma'adini. Asalinsa Gougaram, iyayensa makiyaya. Cigiyar raƙumar kawunsa ya kawo rediyonmu. Har yau ba a ga raƙumar ba, shi kuma bai daina zuwa tambaya ba. Yana jin Hausa da Faransanci ban da yarensu, kuma a duk ukun ba ya yawan magana.

Akwai abin da ya kamata ku sani, don a kansa komai ya rataya. A wurin Abzinawa, namijin da ya isa ba ya buɗe bakinsa a gaban manya. Cikin abokai Ghissa kan sassauta amawali, wato gefen rawanin da ke rufe baki, ya sha shayi. Da zarar dattijo ya shigo, sai ya ja shi har ƙarƙashin ido. A gaban suruki kuwa, ko ruwa ba ya sha. Duk wanda ya zauna a Arlit ya san wannan. Baba ya fi kowa sani, tunda da shi ya ci abinci.

Ranar Lahadi, makonni biyu da suka wuce, Ghissa ya zo gaisuwar iyaye tare da kawunsa Ahmudu. Tun safe Inna ta sa aka wanke falo, aka fito da dardumar da ba a takawa sai da salla, aka turara labule. Na sa atamfata mai ruwan zuma da mayafi fari, ga lallen da aka yi mini tun Juma'a ya kama sosai, duk da na san ba za a kira ni ba. Wurina bayan labule ne, kuma a nan na tsaya.

Bayan la'asar suka iso. Ghissa cikin farar shadda, da rawani ɗan Kura mai ƙyallin shuni wanda ya yi wata biyu yana jiran a kawo masa daga Agadas cikin ayarin da sojoji ke rakowa. Idanunsa kaɗai ake gani. Sun kawo cuku da sukari da ganyen shayi. Kawu Ahmudu ya zauna kusa da Baba, Ghissa ya durƙusa can bakin darduma, bayansa na fuskantar ƙofar ɗakin yara. Yayana Nura na haɗa shayi.

An gama "ina gajiya", an gama "ina labarin daji", an fara shiga magana. Sai na hangi Ummi, 'yar Yaya Nura, shekararta shida, tana tafe a kan yatsun ƙafa, ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Na gane tafiyar. Tafiyar yaron kantin Alhaji ce.

Na ɗaga labule. Kafin in kai ta kai.

Da hannu biyu ta ja. Rawanin bai warware duka ba kamar na tele, gefe ya zame, amawalin ya faɗo ƙirji. Ga fuskar Ghissa a fili, ga shatin shuni a kumatunsa, ga bakinsa, a gaban mutumin da ya zo roƙon 'yarsa.

"Iska ta ɗauka!" in ji Ummi.

Baba ya yi dariya.

Ba ta daɗe ba. Ya haɗiye ta, ya mayar da ita tari. Amma ta fito, kowa ya ji. Yaya Nura ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ghissa ya ɗaga hannun rigarsa ya rufe fuska, ya juya ga bango yana naɗawa, yatsunsa na kuskure. Kawu Ahmudu ya kafa wa agogon bango ido kamar yau ya fara ganin agogo.

"Kaka, na iya?" Ummi ta tambaya. Tukuici take jira.

"Fita, amarya, fita," in ji Baba. "Ku yi haƙuri, Malam Ahmudu. Ƙuruciya."

"Yaro ne," in ji Kawu Ahmudu. "Bai san komai ba."

Shayin farko kaɗai ya sha. Mu nan baƙon da ya tashi kafin na uku ya riga ya faɗi abin da ke ransa.

Da magariba na tura wa Ghissa saƙo: "Ka yi haƙuri. Ban san ta inda zan fara ba."

Ya amsa: "Ba komai. Yarinya ce."

Na rubuta: "Me Kawu ya ce?"

Sai da gari ya waye amsa ta zo: "Kawu bai ce komai ba. Mahaifiyata ce ta yi tambaya. Ta ce yarinyar an yafe mata, amma wa ya koya mata?"

Dassin ke nan, mahaifiyarsa, matar da ban taɓa gani ba, tana can cikin tantinta a Gougaram inda babu tele, ta yi tambayar da ya kamata ni 'yar jarida in yi.

A gida kuwa an rufe zancen. Yaya Nura ya yi wa Ummi bulala biyu, ta kwana tana kuka tana cewa ai Kaka ma ana yi masa. Inna ta ce a aika da goro a ba da haƙuri, shi ke nan. Washegari da aka kawo wuta, yaran suka sake kunna faifan.

Na ɗauke shi na tafi da shi wurin aiki. Na kalle shi daga farko har ƙarshe, wannan karon ba a matsayin 'yar Ɗan Takobi ba. Na kuma zagaya lakwal biyu na tambayi malamai. Wata madam ta ce a ajinta an daina kiran yaran Abzinawa da sunansu, duk 'yan takobi ne. Wani mai gadin lakwal, dattijo mai rawani, ya ce yanzu da bango yake jingina in an tashi yara.

Ranar Asabar na buɗe shiri. Ga abin da na faɗa, don ana ta ƙara masa gishiri a gari:

"Iyaye, yau 'Alhaji Ba-Canji' za mu duba. Babu batsa a cikinsa, babu ashar, babu giya. Hausarsa mai daɗi ce, yaranku za su tsinci karin maganar da ba sa ji a titi. Kashin da Alhaji ya kai kansa ƙara wurin alƙali, har yau ban ga wasan da ya kai shi ba. Wanda ya yi hankali ya kalla, zai ƙaru. Amma kowane kashi da abu ɗaya yake rufewa: a tuɓe wa mutum rawani, a yi dariya, babu mai cewa assha. Babba ya san wasa ne. Ɗan shekara shida darasi yake ɗauka, kuma yana fita ya gwada a kan maƙwabcinku. Shawarata: yaron da bai kai goma ba kada ya kalla shi kaɗai. In za ku kalla tare, ku tsayar da faifan kafin a ja rawanin, ku tambaye shi: in kakanka ne fa?"

Ban ambaci Ummi ba, ban ambaci Ghissa ba, ban ambaci dutse ba.

Wayar farko wani mai kabu-kabu ne. "Malama, ke ba 'yar Ɗan Takobi ba ce?"

"Ni ce."

"To Allah ya shirya." Ya kashe.

Ta biyu wata mata ce daga Akokan, ta ce ɗanta ya daina zuwa lakwal saboda wannan tsokanar, ta yi godiya. Ta uku wani ya ce an saye ni, ya tambaya ko daga dutse ake biyana. Darakta ya yi mini alama ta gilashi, na sa kiɗa.

Na tarar da Baba a tsakar gida kan kujerarsa ta roba, rediyon na kan cinyarsa a kashe.

"Baba, ina wuni."

Ya kawar da kai. Na durƙusa na maimaita. Sai ya kalli Inna.

"A'i, tambayi 'yar jaridar nan, da me aka saya mata littafin farko?"

"Malam, don Allah..."

"Tambaye ta. A ma'adinin nan mutum nawa suka nemi aiki ranar da na nema? Shugaban ma'aikata ya gan ni ya ce Ɗan Takobi, ya yi dariya, ya ɗauke ni. Rawanin nan da take zagi, shi ya yi mata rufin ɗaki."

"Ban zage shi ba, Baba."

Sai a lokacin ya juyo. "Kin san wa ya ba ni shi? Amastan, Ba'abzine, abokina. Shi ya koya mini naɗi, shi ya koya mini tafiyar. In muna wasa yana gaba-gaba yana dariya har da hawaye. Ke kin fi shi kishin Abzinawa?"

"Amastan ya san kai ne a ciki. Ummi ba ta san Amastan ba. Ghissa ta sani."

"Mun yi wa Bahaushe dariya a wasan nan! Alhajin wane ne? Ba mu ba ne? Marowaci, maƙaryaci. Wa ya yi kuka?"

"Alhaji da hularsa yake gama kowane kashi."

Inna ta ce, "Saratu, rufe mini baki."

"Lokacinmu babu yaƙi," in ji Baba, muryarsa ta sauka. "Mu ba mu haƙa wa kowa rami ba."

"Na sani. Amma yanzu ake kallo."

Ya miƙe ya naɗe tabarmar sallarsa. "Kin sayar da ubanki a kasuwa don ki sayi miji. To mijin a hannuna yake."

Ya shiga ɗaki. Sharaɗin kuwa Inna ce ta kawo mini shi da safe, tare da kunu. In koma rediyo in ce na yi kuskure, wasan ya dace da kowa. Jimla ɗaya. Ta zauna bakin gadona tana gyara mini ɗankwali kamar ina ƙarama.

"Ke wace irin zuciya gare ki? Kowa na lanƙwasa harshe ya zauna lafiya. Ni shekara nawa ina lanƙwasawa?"

"Inna, in na ce ya dace, matar Akokan fa?"

"Matar Akokan ce za ta ɗaura miki aure?"

Tana da gaskiyarta.

Zuwa nan kuna zaton aƙalla mutum ɗaya yana bayana. Ni ma haka na zata. Kwana uku Ghissa bai kira ba. Ranar Laraba sai ga saƙo: "Ina bakin rediyo." Na fito na same shi jingine da babur, cikin kakin aiki, amawali har ido. A gabana bai saba jan shi haka ba.

"Ka ji shirin?" na tambaya.

"A motata aka ji shi. Cike take, an taso daga aiki."

"To?"

"Kina cewa 'maƙwabcinku', duk motar ta juyo tana kallon ƙeyata."

"Ban faɗi sunanka ba."

"Saratu, Arlit ce. Kafin shirinki mutum biyar suka san abin da ya same ni. Yanzu har sojan da ke shingen hanyar ma'adini ya sani. Jiya ya leƙo ya ce, direba, yau iska ba ta ɗauka ba?"

"Me ka ce masa?"

"Me mai rawani ke ce wa soja a bana? Na yi dariya."

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Ban yi lissafinta ba.

"Mu in abin kunya ya faru, binne shi ake yi," ya ce. "Kawu ya kalli agogo don ya ba ni sutura. Ke kin ɗauka kin kai rediyo."

"Mahaifiyarka ce ta tambayi wanda ya koya mata."

"Tambaya ta yi. Ba ta ce a yi shela ba." Ya gyara madubin babur ɗin da ba abin da ya same shi. "Ki faɗi abin da Baba ke so. Ni na haƙura. In an ɗaura, wa zai tuna?"

"Ɗanmu zai tuna, ranar da aka kira shi ɗan takobi a lakwal. In ya zo ya tambaye ni, in ce masa ni ce na ce ya dace?"

"Sai an yi auren ake samun ɗan."

"Na sani."

"To?"

"Na cuce ka da ban nemi shawararka ba, wannan na karɓa, ka yafe mini. Amma abin da na faɗa gaskiya ne, kuma ba zan koma in ce ƙarya ne ba. Ko don kai."

Ya daɗe yana kallona. Da ido kaɗai ba a gane ko mutum murmushi yake ko cije baki.

"Raƙumar Kawu ma haka take, in ta kama hanya ba ta juyowa," ya ce. Ya tada babur ya tafi.

Ga inda nake ke nan. Wanda na taɓa yana so in yi shiru, wanda na kare yana so in yi shiru. Ummi kaɗai ke zuwa ɗakina. Jiya ta tambaye ni, "Tanti, in na ba Tonton Ghissa haƙuri zai dawo?" Na ce ban sani ba. Ba na yi wa yara ƙarya, aikina ke nan.

Yau Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, darakta ya kira ni ofis. Fuskarsa kamar wanda ya tsinci kuɗi yana tsoron mai su.

"Mahaifinki ya zo."

"Nan?"

"Nan, kan kujerar da kike. Yana so ya shiga shirinki gobe, kai tsaye. Ya ce tunda a iska aka yi masa shari'a, a iska zai amsa. Na ce masa to. Wa zai hana Ɗan Takobi makirfo? Garin nan kaf zai saurara."

"Ya faɗi abin da zai ce?"

"Na tambaya. Ya ce maganar wasan da maganar aurenki duk ɗaya ce, kuma gobe zai yanke ta gaba ɗaya." Ya sassauta murya. "Saratu, don Allah, ban da dutse."

Na tura wa Ghissa saƙo: "Gobe Baba zai shiga shirina. Kana aikin yamma?"

"E."

"Za ka kunna?"

Bai amsa ba tukuna.

Da na dawo gida na tarar an buɗe tsohuwar akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Baba, wadda tun muna yara aka hana mu taɓawa. A kan igiyar shanya, tsakanin zanen Inna da rigar lakwal ɗin Ummi, ga rawanin Amastan yana shan iska. Shunin ya koɗe, asu ya ci gefe ɗaya. Baba na zaune yana kallonsa. Na gaishe shi, bai amsa ba.

Na bi Inna madafa na tambaye ta.

"Ya ce da shi zai je," in ji ta, ba ta ɗago daga tukunya ba.

"Naɗa shi zai yi, ko a hannu zai riƙe?"

"Na tambaye shi. Bai faɗa ba."